Ajuji, Murjanin da Aka Jefa a Shara

Ku samarin da kuke tare ni a ƙofar gidan abincin Hajiya bayan sallar Juma'a kuna cewa ga Baba mai kiwon dutse ya iso, ina jin ku sarai, kuma ban taɓa yin fushi ba. Ni ma da wani ya gaya mini ina saurayi a Fagge cewa zan yi furfura a Guangzhou ina auna zafin ruwa saboda wani abin da ba ya tafiya, ba ya kuka, ba ya ko ɗaga kai ya dube ni, da na ce a kai shi a duba lafiyarsa. Amma tunda makon jiya ɗayanku ya ce wai aikina zama ne kawai a cikin sanyi ina kallon gilashi, bari in ba ku labarin sana'ar. In kun gama ji, mai so ya zo ya karɓe ni kwana uku in huta.

Sayen kaya ne ya kawo ni garin nan kamar kowa. Shekaruna na farko a kasuwar tufafi ta Shisanhang na yi su, ina ɗaure dilolin riguna ina rubuta sunayen masu su. A nan bakina ya kama yaren mutanen, ba don ƙwaƙwalwa ba, don dai ni mutum ne mai surutu. Wata rana wani mai kiwon tarwaɗa a Kano ya aiko in sayo masa famfunan iska, na nufi kasuwar kifin ado da ke Fangcun, na ɓata hanya, na faɗa wani shago da komai na cikinsa shuɗi ne, har fuskar mai shi. Na tarar da shi da wani Bature suna ta nuna wa juna yatsa, kowa na yarensa. Na shiga tsakani na fassara, aka yi ciniki, tsohon ya zuba mini shayi a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba. Sunansa Liyang, amma Lawban nake ce masa, wato maigida. Ya ce yana neman mai jin Turanci saboda baƙi. Ni kuma lokacin bayana ya gaji da diloli.

Ranar da na fara aiki na tambaye shi sunan abubuwan da ke cikin tankunan, masu kama da rassan bishiya, wasu kamar ƙwaƙwalwar rago, kore da ja da ruwan hoda. Ya danna wayarsa ta fassara, ya juya mini, sai ga kalmar Larabci na karanta: marjan. Na yi dariya na ce ai na san shi tun ina goye. Murjani, jan dutsen ado da kakata take ɗaurawa a wuya ranar biki, in ya yi dauɗa ta sa sabulu ta wanke. A wurin Bahaushe murjani dutse ne, ba mu san shi da wata rayuwa ba. Da wannan ilimin nawa na shiga sana'ar, kuma shi ya kusa fitar da ni daga cikinta a mako na farko.

Lawban ya fita cin abincin rana ya ce in goge gilashin babban tanki. Na goge shi tas. Sai idona ya kai kan wani curi kamar dunƙulen hannu a kusurwa, ruwan ƙasa, ba kyan gani, kamar curin daddawa a tsakiyar 'yan'uwansa masu launi. Na ce lallai wannan dauɗa ce ta rufe shi, tsohon nan idonsa ya fara rauni. Na ciro shi, na kai shi bakin famfo, na samo buroshi mai ƙarfi na hau dirza. Wani irin yauƙi yana fita, da ƙarni kamar na kifi, ni kuwa ina ƙara ƙarfi ina cewa ka ga abin da ya tara. Ban bar shi ba sai da ya yi fari fat. Na ɗora shi a kan tebur inda zai fara gani in ya shigo, na koma gefe ina jiran yabo.

Bai yi ihu ba. Ya dubi abin, ya dubi buroshin a hannuna, ya jawo kujera ya zauna. Can ya ce, "Sa'idu, dabba ce. Ka feɗe ta da ranta."

Abin da na ɗauka dauɗa naman jikinsa ne, farin da nake alfahari da shi kuma ƙashi ne. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun da na girma. Lawban ya ɗauki curin da yatsa biyu ya jefa a kwandon shara, ya ce gobe in zo da wuri in koyi haɗa ruwa, kuma kada in ƙara taɓa komai mai launi sai yana tsaye.

Da la'asar da zan fitar da sharar na leƙa kwandon. A ƙasan curin, inda buroshi bai kai ba, akwai wani ɗan tabo ruwan ƙasa da bai fi farcen babban yatsa ba. A bayan shagon muna da wani tsohon tanki kusa da taga, inda ake zuba duwatsun da ba a so da ruwan da aka canza. Ba ya haɗe da injin sanyaya ruwa, rana kuma tana dukansa duk yamma. Na jefa shi ciki na yi shiru da bakina. A garinmu, matar da 'ya'yanta suke ta rasuwa, in ta sake haihuwa, tsofaffi sukan ɗauki jaririn su ajiye a kan juji kamar ba a son sa, sannan a ɗauko, a sa masa suna Ajuji, wai ko mutuwa za ta raina shi ta wuce. Malamai sun hana, kuma ni na san rai a hannun Allah yake. Amma da na dubi abin nan da na tsinto daga shara, sunan ne kawai ya zo bakina.

Haɗa ruwa shi ne karatun farko, kuma na yi wata shida a kansa. Ruwan famfo ba ya yi sai an tace shi, a zuba gishirin teku da awo, a bar inji yana juya shi yini guda. Akwai wani ɗan madubi mai kama da tocila, a ɗiga ruwan a kai a ɗaga wa haske a karanta yawan gishirin. In ya ɗara kaɗan murjani ya tsuke, in ya gaza kaɗan ya kumbura. Sai ma'aunin zafi, wanda nake dubawa kafin in amsa gaisuwar kowa da safe. Digiri ashirin da biyar zuwa da shida suke so. Ya kai talatin ya daɗe a nan, to ka fara salati. Ku da kuke sayar da wandon jins, in kun kulle shago wata guda kun dawo, wandonku yana nan yadda kuka bar shi. Nawa kayan ko ranar Sallah sai na leƙa su kafin in tafi Idi.

Yanka shi ne karatu na biyu. Lawban yana da manyan murjani goma sha biyu a tankin tsakiya, waɗanda muke kira uwaye. Wasu ya fi shekara ashirin yana rainonsu, tun suna kamar ƙwayar gyaɗa. Ba a sayar da su. Daga jikinsu ake ɓallo ɗan reshe da filaya mai kaifi, a ɗiga gam a manna shi a kan wani ɗan faifan siminti, a jera a tankin yara, in ya warke ya kama sai a sayar. Duk shagon a kan uwayen nan yake tsaye. Ya sha gaya mini, yana goge tabarau, cewa ranar da suka mutu ba zai sake farawa ba a wannan shekarun nasa, zai rufe ƙofa ya koma ƙauyensu ya zauna da kaji. Ni kuma na san in ya rufe, diloli ne suke jirana, ga bayana ya riga ya lalace.

Sannan sai ka koyi halinsu, don suna da hali. Akwai mai son ruwa ya riƙa kaɗa shi, akwai wanda in iska ta yi masa yawa sai ya ƙi buɗewa yini guda kamar wanda aka yi wa laifi. Akwai masu faɗa. Ka jera biyu kusa da juna, ka dawo ka tarar ɗaya ya miƙo wasu zaruruwa ya ƙone gefen maƙwabcinsa. Akwai wani mai taushi da ya taɓa harbina a tsintsiyar hannu na yi kwana uku ina susa, tun daga ranar ban ƙara raina safar hannu ba.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Mafi yawa ma'aikatan dogayen benayen Tianhe ne, masu son su dawo gida su zauna gaban tanki su manta da ofis. Su launi suke bi, a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, abin da ya fi walƙiya shi ne nasu. Amma wanda ba na mantawa shi ne Alhaji Bala, ɗan Kantin Kwari mai sarin jins a Xintang, abokina tun muna kwana ɗaki ɗaya a farkon zuwanmu. Ya ji an ce ina aiki a shagon murjani, ya zo takanas da jakarsa zai saya wa 'yarsa na gudunmawar biki. Ya zagaya shagon sau biyu, ya ce ina murjanin yake. Na nuna masa. Ya ce a'a, wanda ake shiryawa a zare. Lawban ya gane abin da ake nema, ya kaɗa hannu ya ce, "Meyo," wato babu. Alhaji ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Malam Sa'idu, ashe dutse kake kiwo a ƙasar mutane?" Daga bakinsa sunan ya fito, ku gadonsa kawai kuka yi.

Duk wannan lokacin Ajuji yana bayan shago. Tabon nan na farce ya yi wata da watanni bai motsa ba, sannan ya fara rarrafe a kan ƙashin a hankali, har ya rufe shi. Ya ɗauki shekaru kafin ya kai girman kwakwa, alhali 'yan'uwansa na gaba suna ninka shi. Launinsa bai taɓa gyaruwa ba. Lawban ya gano shi a shekara ta biyu, ya tsaya ya dube shi, ya dube ni, ya ce abin banza ba ya mutuwa, ya wuce. Bai ce in cire ba, ni kuma ban tambaya ba.

Wadda ta buɗe mini kai a kan sana'ar wata malamar jami'a ce mai suna Su, mai binciken halittun teku, da take zuwa sayen 'yan rassa don gwaji. Mace ce mai haƙuri da tambaya, ni kuma ga ni da tambaya. Na ce mata Malama, abin nan da ba ya farauta sosai, me yake ci har yake gina ƙashi haka? Ta ce a cikin naman kowane murjani akwai wata irin gansakuka ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, dubbai a wuri kamar kan allura. Murjani ya ba su ɗaki da tsaro, su kuma su sha hasken rana su dafa abinci su ba shi. Yawancin launin ruwan ƙasan nan da ake gani a jikinsa ma nasu ne. In zafi ya yi yawa, sai girkin nasu ya lalace ya koma yana ƙona mai gidan, shi kuma ya fusata ya kore su gaba ɗaya. Sai ya yi fari, ya zauna a gida babu mai dafa masa.

Na ce mata tsaya, ai wannan gidanmu ne. Mahaifina fatoma ne a Fagge, fatake daga Agadas da Damagaram a gidanmu suke sauka, ya ba su ɗaki ya tsare musu kaya, mu kuma tukunyarmu ba ta sauka muddin suna nan. Shekarar da ya yi faɗa da su suka koma wani gida, mun san bambanci a kwanon tuwo. Ta yi dariya har da riƙe tebur, ta ce za ta ba ɗalibanta wannan misalin. Ta ƙara da cewa abin da yake faruwa ke nan a tekunan duniya yanzu da ruwa yake ƙara ɗumi, kuma aikinsu shi ne gano dalilin da wasu suke jurewa wasu ba sa jurewa. Wani juriyar a jininsa take, ya gada. Wani kuma baƙin nasa ne masu jure zafi.

Muguwar shekarar ta zo da wani zafi da ko 'yan garin suka ce ya isa. Kun san zafin nan na Guangzhou mai jiƙa riga kafin ka kai tashar jirgin ƙasa, to ku ninka shi. Wata ranar Talata da hantsi na ji injin sanyaya ruwa ya yi wani tari sau biyu ya yi shiru, sai warin ƙonewa. Na kira mai gyara, ya zo ya buɗe ya ce abin da ya ƙone sai an aiko daga wani gari, kwana huɗu. Na zagaya kasuwar kaf ina neman na aro ko na saye mai girman namu. Duk inda na shiga, meyo. Kowa nasa yake lallaɓawa. Kafin azahar ma'auni ya nuna ashirin da tara, kafin la'asar ya haye talatin da ɗaya, na'urar sanyaya ɗakin kuma tana ta huci ba ta iya komai.

Ƙanƙara ce kawai mafita, kuma ba a zuba ta tsirara don za ta tsinka gishirin, sai a cikin gora a rufe. Masu kifin kasuwa sun riga sun kwashe ta kusa. Na kira Alhaji Bala. Ya ce in sake faɗa, yana so ya tabbatar ya ji daidai, dutse ne yake jin zafi? Na ce Alhaji ba lokacin wasa ba ne. Ya ji muryata ya daina dariya. Bayan awa ɗaya sai ga shi a motar haya da buhunan jins biyu, ya kwaso duk abin da ke cikin firjin Hajiya mai abinci a cikinsu. Gorunan ruwa daskararru, da suka ƙare ta haɗa masa da zoɓo da kunun aya. Haka muka jera su suna yawo a saman tankin uwaye, ja da fari, Lawban yana tsaye yana kallon zoɓo yana iyo a kan aikinsa na shekara ashirin. Kwana huɗu Alhaji yana wannan jigila, safe da yamma, ya kai narkakku ya ɗauko daskararru, ya bar sarinsa a Xintang yana jira. Har yau Hajiya tana cewa ita kaɗai ce mai abincin da kifi ya taɓa sha mata zoɓo, na gaji da gaya mata ba kifi ba ne.

Gorunan ba su isa kowa ba. Uwaye ne farko, abin da ya ragu tankin yara. Rana ta biyu na ɗauki gora ɗaya na nufi baya, Lawban ya riƙe hannuna ya ce, "Wannan ta uwaye ce." Gaskiyarsa ce. Na mayar. Da na je na duba ma'aunin tankin taga sai na ga ya wuce talatin da uku, na sa hannu na ji kamar ruwan wankan jariri. Na ji zafin abin a raina ƙwarai, don na saba da shi, amma na ja labulen tagar kawai na bar shi.

Ranar da aka gyara injin, uwaye tara daga cikin sha biyu sun yi fari fat. Uku a cikinsu naman ma ya saɓule, sun tafi. A da, da na ga wannan farin sai in ce sun yi kyau. Lawban ya zagaya tankin sau ɗaya a hankali, ya shiga ciki ya fito da kwalaye, ya fara naɗe kofunan shayinsa a takarda. Ya ce in kwashe fararen in zubar kafin su ɓata ruwan.

Na ce masa Lawban, na taɓa ganin ka zubar da wani. Na ja shi zuwa baya. Ni kaina ban leƙa ba tun rana ta biyu, don ba na son gani. Na yaye labulen. Ajuji yana zaune a cikin ruwan nan mai ɗumi, ruwan ƙasa kamar kullum, mummuna kamar kullum, ya buɗe 'yan bakunansa duka yana kaɗa su kamar ba abin da ya faru a garin.

Na kira Malama Su ta zo a ranar. Ta duba fararen da tocila ɗaya bayan ɗaya ta ce shida suna da rai, naman yana nan, yunwa ce kawai za ta kashe su in ba a tashi tsaye ba. A rage musu fitila, a riƙa ba su abinci a baki da sirinji, a jira ko baƙi za su dawo. Sannan ta tsuguna gaban tankin taga ta daɗe. Ta tambayi shekarunsa a wurin, da zafin da ya sha, ta ɓalli ɗan guntu kamar ƙwayar shinkafa ta sa a kwalba. Ta ce mu gwada jan tiyo daga tankinsa zuwa na uwaye, ruwan ya riƙa zagayawa, don murjani yakan saki kaɗan daga baƙinsa a ruwa. Ta ce ba ta yi alkawari ba, ba kowane gida ne yake karɓar baƙon wani ba, musamman tsohon gida. Lawban ya ce ruwan shara a kan uwayensa? Na ce masa uwayen da ka ce in zubar? Sai ya je da kansa ya ɗauko tiyon.

Ba da abinci a baki aiki ne da ba na yi wa maƙiyina fatansa. Ka kashe injin kaɗa ruwa, ka zuƙo ruwan abincin a sirinji, ka sunkuya ka bi baki ɗaya ɗaya kana ɗigawa, uwa ɗaya tana da ɗaruruwan bakuna. Ciwon bayan da na gudo wa daga diloli ya same ni a nan. Mako biyu, ba komai. Mako huɗu, ɗaya ta ƙara tafiya. Kwalayen Lawban suna jingine a bakin ƙofa, bai kwance ba, bai kuma ƙara naɗe komai ba. A mako na bakwai da safe ina ɗiga wa babbar uwa, wadda ya fi daɗewa da ita, sai na ga wani ɗan duhu a gindin reshe, kamar an ɗiga shayi a farar riga. Na goge idona na sake dubawa, sannan na kira shi. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana raina launin ruwan ƙasa a shagonsa, ya manna goshi a gilashi yana dariya yana buga ƙafa, har mai shagon kusa ya leƙo.

Biyar suka dawo. Ba su dawo da walƙiyar da ba, sun ɗan yi duhu, amma a cikin shekara muka koma yanka. Malama Su ta dawo da sakamakonta ta ce baƙin Ajuji irin masu jure zafi ne, kuma su ne dalilin da ba ya saurin girma, don girkinsu ba shi da yawa, amma ba ya lalacewa. Shi kansa akwai alamar taurin rai a ƙwayoyin gadonsa, zaman taga kuma mai yiwuwa ya ƙara horar da shi. Biyu daga cikin uwayen yanzu irin baƙinsa ne suka fi yawa a jikinsu. Na ce to ai shi ke nan, Ajuji ne ya ba su. Ta ce ba za ta rantse ba, ta yiwu dama suna da kaɗan a ɓoye, zafi ne ya ba su fili. Na ce Malama ke ki riƙe naki, ni in riƙe nawa. Yanzu 'ya'yansa suna ɗakin bincikensu, suna gwada su da ruwan ɗumi, ta ce a takardar jikin tankin sunan da na sa masa ta rubuta don ba ta da wani.

Ranar da Lawban ya kwance kofunansa, na ce masa ya kamata mu ɗauko Ajuji mu sa shi a tankin gaba, ƙarƙashin babbar fitila, kowa ya gan shi. Ya zuba shayi ya tambaye ni wai shin mene ne ma'anar sunan nan da nake ta kira shekara da shekaru. Na ba shi labarin juji da tsofaffin garinmu, ina ɗan jin nauyi, don na ɗauka zai yi dariya.

Bai yi ba. Ya juya kofinsa a hannu ya ce, "Mahaifiyata ta binne uku kafin ni. Har na shiga makaranta ban san ina da wani suna ba sai A-gau." Na san kalmar, kare ke nan. Ya ce a ƙauyensu ma haka ake yi, a ba yaro sunan banza don kada a yi sha'awarsa a ɗauke.

Muka zauna muna kallon juna, ɗan Fagge da ɗan ƙauyen Sin. Sannan ya ce, "Bar shi inda yake. Kuma kada ka yabe shi a gabansa."

Yana nan har gobe a bakin taga, babu fitila babu takarda. Kullum da safe Lawban yakan biya ta wajensa, ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa ya ce abin banza, ka kwana? Kwanaki wani babban mai saye ya ji labarinsa a jami'a ya zo musamman, ya tsaya a gaban tankin yana nuna shi da yatsa yana tambayar ko za a sayar masa da reshe. Lawban ya dubi Ajuji, ya dubi mutumin, ya ce meyo.

Saboda haka ranar Juma'a in na iso ƙofar Hajiya, kada wanda ya canza mini suna don ya ji wannan labarin. Shekara goma sha ina amsa mai kiwon dutse, ko ciwon kai ban cika yi ba. Ku ci gaba da kira, ku matsa mini a benci.